Neman Shawarar Abinci Daga Na'ura Mai Hira: Abin Da Ya Kamata Majinyata Su Sani

Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, jama'a da dama suka shiga al'adar yi wa na'ura tambaya ta wayar hannu, ita kuwa ta amsa nan take kamar mutum. Cikin masu tambayar har da masu ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon ƙoda, waɗanda ke son sanin abin da za su ci da wanda za su bari. Don haka ya zama wajibi a bayyana wa jama'a iyakar amincin wannan shawara.

Yadda Take Aiki

An koyar da irin wannan na'ura ne da ɗimbin rubuce-rubuce, daga nan take harhaɗa kalmomin da suka fi dacewa da tambaya. Ba ta auna jinin majinyaci, ba ta ganin katinsa na asibiti, ba ta kuma san magungunan da yake sha ba sai ya faɗa mata. In ta yi daidai da in ta yi kuskure, duk da murya ɗaya take magana, ba alamar shakka.

Inda Take Da Amfani

A kan bayani na gama-gari takan faɗi gaskiya. Alal misali, za ta iya gaya wa mai hawan jini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

Inda Haɗari Yake

Haɗarin yana fitowa ne idan cututtuka biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya. Ayaba da lemo da tumatir suna da kyau ga mai hawan jini, amma suna ɗauke da sinadarin fotasiyam. Idan ƙodar mutum ta raunana, wannan sinadari yakan taru a jini har ya rikita bugun zuciya. Haka kuma mai ciwon sukari da ke allurar insulin, idan ya rage tuwo ko sakwara farat ɗaya ba a daidaita masa allurar ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma.

Har wa yau, yawancin abin da na'urar ta koya game da abinci daga ƙasashen Turawa ya fito. Ba lalle ba ne ta tuna wa mai hawan jini cewa dunƙulen miya da kanwa suna ɗauke da sodiyam, sinadarin nan na gishiri da aka ce ya rage.

A 2025 wata mujallar likitoci ta Amurka ta ba da labarin wani mutum mai shekara 60 da ya so ya bar gishiri. Bayan ya tuntuɓi ChatGPT, sai ya koma amfani da wani sinadari mai suna sodiyam buromaid har wata 3. Hankalinsa ya gushe, ya yi mako 3 a asibiti kafin ya warke.

Abin Da Ya Kamata A Yi

1. Kada majinyaci ya bar magani ko ya sake tsarin cin abincinsa bisa maganar na'ura kaɗai.
2. Ya rubuta abin da ta faɗa, ya nuna wa likita ko masanin abinci ranar zuwa asibiti.
3. Kada ya sayi gishirin da ake cewa na masu hawan jini ne sai likita ya yarda, domin galibinsa da fotasiyam ake haɗa shi.
4. 'Ya'ya da jikokin da ke yi wa tsofaffi tambaya a waya su ma su kiyaye waɗannan sharuɗɗa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Tambaya ɗaya a gaban likita tana iya raba majinyaci da kwanan asibiti.