Ko Kun Sani? Furen Mimosa da Ranar Mata a Italiya

A Italiya, ranar 8 ga Maris ta kowace shekara ana ba mata kyautar reshen mimosa, wato wani fure mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a ƙarshen hunturu. Al'adar ta faro ne a 1946, shekarar da matan ƙasar suka fara kaɗa ƙuri'a, lokacin da ƙungiyar matan Italiya ta zaɓi furen saboda arharsa, domin ko talaka ya iya samu. A ranar, mata kan shiga gidajen tarihi na gwamnati kyauta, shaguna kuma suna sayar da kek mai kamannin furen, wanda sau da yawa akan jiƙa da barasa, saboda haka ya kamata matafiyar da ke gudunta ta tambaya kafin ta saya.