Gargaɗi ga Masu Mota a Khumra: Kada a Kwance Noti Ɗaya Kafin a Rubuta

Duk wanda ke shirin kai motarsa gyaran jiki, ko fenti, ko a tashe ta daga kwance a garejojin kudancin Jidda, ya dakata ya saurara. Akwai wata cuta da ake yi wa 'yan'uwanmu direbobi da masu ƙaramar sana'a, kuma tana yaɗuwa ne saboda waɗanda aka riga aka cuta suna haɗiye abin su yi gum. Wanda aka yi wa jiya bai faɗa ba, shi ya sa gobe maƙwabcinsa zai tuƙa tasa motar da hannunsa ya kai ta wannan ƙofar.

Khumra, da ke kudancin Jidda, wurin aiki ne. Manyan ɗakunan ajiyar kaya ne, da filayen tirela, da kwantenonin da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Jidda, kuma tun da hukumar tashoshin, Mawani, ta sanar a 2019 cewa za ta kafa babban yankin ajiya da rarraba kaya a can, zirga-zirgar ba ta ragu ba. Inda motoci suka taru, makanikai ma sai sun taru. Da yawansu mutanen kirki ne da suka iya aikinsu, har da 'ya'yan Hausawa da suka tashi da sifana a hannu, kuma ba da su nake ba. Amma rusau ɗin da aka yi daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, wanda ya ci Ghulail da Karantina da Sabil da Petromin da wasu unguwanni masu yawa, ya warwatsa jama'a. Bakaniken da ka sani shekara da shekaru a bayan layinku, wanda ka san limamin masallacinsa da surukinsa, ya koma inda ba ka sani ba. Mutane suka koma neman warsha, wato garejin gyara, ta bakin dillali, ko ta bidiyon TikTok mai nuna mota tana ƙyalli. A wannan giɓin ne macuci ya samu wurin zama.

Ga yadda abin yake tafiya, kuma kusan kullum hanya ɗaya ce. Za a yi maka kuɗin aiki mai sauƙin da zai sa ka ji kamar ka tsinci dami a kala. Idan ka ce a rubuta, sai a dafa kafaɗarka: "Haba Alhaji, kai namu ne, takarda tsakaninmu?" Sai a nemi kafin alƙalami mai kauri, wai za a sayo kaya, kuma a ce ka tura ta asusun wani yaron shago. Kwana biyu na farko za ka ga aiki kamar da gaske. An cire ƙofofi, an sauke inji, an kwashe kujeru, an kankare fenti. Daga nan sai komai ya tsaya cik.

A lura da wannan gaɓar, domin a nan ne duk maganar take. Motar da ke kan tayoyinta huɗu taka ce, kana iya kunna ta ka tafi. Motar da aka farke, injinta yana wannan kusurwa, giyarta tana waccan, notunanta suna cikin bokiti tare da na wasu motoci uku, ta riga ta fita daga hannunka ko da istimara, wato takardar rajistar motar, na ɗauke da sunanka. Ba wani bakanike da zai so karɓar aikin da wani ya barbaza, in ma ya karɓa sai ya ninka kuɗi. Mai warshar ya san haka sarai. Shi ya sa yake gaggawar kwancewa, yake jan ƙafa wurin ɗaurawa. Daga ranar sai kiran waya: "Mun buɗe mun tarar da wata matsalar." Sai ƙarin kuɗi. Ka biya don kada na farko ya tafi a banza, ka sake biya don kada na biyu ya bi shi. Kuɗinka kuwa yana can yana ƙarasa motar wani da ya fi ka tayar da jijiyar wuya, kamar yadda kuɗin wanda zai zo bayanka ne zai taɓa taka, in an taɓa ta. "Bukra in sha Allah" ta zama wata uku, iskar Bahar Maliya mai gishiri da laima tana cin ƙarfen da aka kankare aka bari tsirara a waje.

Ana cikin haka kayan motar suna sulalewa. Ba batir da taya kaɗai ba. Akwai tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake nema ruwa a jallo saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, irin su falatinam. Akwai kwamfutar inji, da kwamfuresan sanyi, da fitilu na asali. A cire gangariya a sa jabu, ko a sa na tashlih, wato na matattun motoci, da ya gaji, a rubuta maka kuɗin sabo. Idan motar tana iya tafiya, yaran shago su yi ta aike da ita, kyamarar titi ta Sahir ta ɗauke ta, tarar ta faɗo kan sunan mai ita yana kwance a ɗaki.

Da a ce asarar kuɗi ce kawai, da na ce kowa ya ji da aljihunsa. Abin da ya sa nake ɗaga murya shi ne, motar da aka yi wa gyaran ha'inci ba a gareji take ƙarewa ba. Titi take hawa, da mutane a ciki.

Gyaran jiki yana da sauƙin ɓoye ƙarya, domin fenti yana rufe komai. Inda ya kamata a miƙe ƙarfe ko a canza shi, sai a cika ramin da ma'ajun mai kauri a goge a fesa. Shasin da ya lanƙwashe, maimakon a ɗora shi kan injin miƙewa a auna, sai a gasa shi da wuta a ja da sarƙa, ƙarfen ya rasa ƙarfinsa. A wasu lokutan ma gaban wata mota ake yankowa a liƙa da walda. Ranar da aka sake yin karo, wurin waldar ne zai fara buɗewa. Mafi muni shi ne jakar iskar da ke sitiyari. Idan ta fashe a hatsari, sabuwa tana da tsada, sai marar tsoron Allah ya rufe gurbin ba komai a ciki, ya sa ɗan ƙaramin abu a waya don fitilar gargaɗi ta mutu, ko ya kashe fitilar gaba ɗaya. Mai mota yana tafiya yana ganin yana da kariya, alhali babu. Ka murɗa makulli ka duba: fitilar jakar iska dole ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu da kanta. Idan ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Irin waɗannan motoci su ne Hiace da ke kai ma'aikata masana'anta da asuba, su ne Camry da ke kai yara makaranta, su ne ke bin hanyar Makka da masu Umra, da doguwar hanyar gaɓar teku zuwa Lith da Jazan inda ake sakin gudu.

Ga kuma lokacin ruwan sama. Ruwan Jidda daga Nuwamba zuwa Janairu yake sauka, kuma duk wanda ya zauna a garin ya san abin da yake yi. Ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ta ci rayuka fiye da ɗari, ta tara dubban motoci kan juna a Ƙuwaiza da kewaye. Ta sake dawowa a Janairun 2011. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 a kudancin birnin cikin sa'o'i shida. Bayan kowane irin wannan ruwa garejoji suna cika maƙil, amintattun makanikai ba su da wuri, kowa yana sauri, inshorar dole kuwa wanda ka yi wa ɓarna take biya, ba motarka ba. A wannan rububin ake wanke motar da ta nutse, a busar da kafet, a fesa turare, a ce an gama. Laka tana nan cikin mahaɗar wayoyi, tsatsa tana cin su a hankali, sai bayan watanni birki ko sitiyari ya fara wasa. Mai ita ya gaji ya kai ta haraj, wato kasuwar gwanjon motoci, wani ɗan'uwan ya saya da guminsa na shekara biyu.

To me ya sa muke shiru? Kunya ce ta farko: wanda ya haɗa ka da warshar ɗan garinku ne, kuna sallar Juma'a tare, ba ka so a ce ka tona masa asiri, ba ka kuma sani ba ko yana da nasa kason a cikin kuɗin. Ta biyu tsoro ne. Direban gida da ya kai motar kafil, wato maigidansa, ba da izini ba yana gudun maigida ya ji. Wanda iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ta ƙare, ko motar tana da sunan wani, yana ganin zuwa hukuma tsalle ne daga tukunya zuwa wuta. Macucin ya karanci wannan tun ranar da ka shigo, ya san wanda zai iya kai ƙara da wanda ba zai iya ba. Saboda haka, in motar ba sunanka take ɗauke da shi ba, mai sunan ya zo da kansa ya yi ciniki ya sa hannu. Direba kuma kada ya ɗauki nauyin da ba nasa ba don neman yabon maigida.

Neman takarda ba rashin yarda ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala a Kano ko Zinder ya ji hukuncin Malikiyya cewa mai sana'a yana lamunin kayan da aka ba shi ya keɓe da su. Wanda ya ce rubutu cin fuska ne, ya gaya maka ko shi wane ne, ka ɗauki makullinka.

Abin da za a rubuta ba shi da yawa: aikin da za a yi ɗaya bayan ɗaya, irin kayan da za a sa ko na kamfani ne ko na kasuwa ko na tashlih, jimlar kuɗi, ranar miƙa mota, da sharaɗin cewa ba a ƙara aiki sai da izininka a rubuce, kuma tsofaffin kayan da aka cire naka ne. Takardar ta ɗauki sunan warshar da lambar rajistarta da hatimi. Ka ga lasisin baladiyya, wato hukumar birni, a bango da idonka. Kafin ka ba da makulli ka ɗauki hoton lambar shasi, da lambar inji, da kilomita, da cikin boneti, da ƙarƙashin mota. In hatsari aka yi, a bi ta kamfanin Najm ko murur, wato 'yan sandan titi, a je cibiyar Taƙdir a ƙiyasta ɓarnar, a ciro izinin gyara ta manhajar Absher. Warshar da ta ce za ta buga motar hatsari ba tare da wannan izinin ba ta riga ta nuna maka cewa doka ba ta dame ta ba.

Kuɗi kuma kashi-kashi, gwargwadon aikin da ka gani da ido, kuma ta na'urar kati ta shagon, a ba ka fatura, wato rasit. An wajabta wa shaguna ajiye na'urar, kuma fatura ta lantarki ta zama dole tun Disamban 2021 ga masu rajistar haraji. Biya ta na'urar shagon yana da dalili mai zurfi. Akwai warshar da sunan ɗan ƙasa ne a allo amma wani baƙo ne ke juya ta a ɓoye, abin da ake kira tasattur, wanda dokar 2020 ta sa wa ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan biyar. In ka zuba kuɗi a asusun mutum, ya yi fitar ƙarshe ya bar ƙasar, mai sunan allon zai ce bai taɓa ganin sisinka ba, kuma ba ka da abin da za ka ƙaryata shi da shi.

Wanda motarsa ta riga ta maƙale, kada ya ƙara ko riyal ɗaya. Ya rubuta wa mai warshar saƙo ta WhatsApp cikin ladabi, ya jera abin da aka yi alkawari, da abin da ya biya, da ranar da yake son motarsa. Dokar shaida ta Saudiyya da ta fara aiki a 2022 tana karɓar saƙonnin waya a matsayin hujja, don haka kada a goge komai, har saƙon murya. Jabun kaya da ha'incin ciniki ana kai su Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900 ko manhajar Balagh Tijari. Warsha marar lasisi ta baladiyya ce, lamba 940. Neman a dawo da kuɗi ana shigar da shi ta Najiz, shafin kotuna, inda sau da yawa ake fara gwada sulhu kafin a je gaban alƙali.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: kada zafin rai ya sa ka ɗauki bidiyon shagon da fuskar mai shi ka watsa a Facebook ko TikTok. A Saudiyya wannan tashhir ne, wato ɓata suna a bainar jama'a, kuma dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal dubu 500. Sai ka wayi gari wanda ya cuce ka shi ne mai ƙara, kai ne ake tuhuma. Hanyar faɗa ita ce ƙorafi a hukumance, sannan idan ɗan'uwa ya zo neman shawara ka gaya masa abin da ya same ka yadda ya faru, ba ƙari ba ragi. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da dattawan jama'armu su daina rufa wa dillalan irin waɗannan wurare asiri don ana jin nauyinsu.

Ranar ɗauko motar, a je da sat'ha, wato motar ɗaukar mota, da shaidu biyu, da wani bakanike amintacce da zai ƙirga kayan da aka kwance a gaban mai warshar, a rubuta abin da ya ɓace, kowa ya sa hannu. In an ce an gama aikin ne, kada a biya ragowar kuɗi sai an kai ta wurin bincike mai zaman kansa an ɗaga ta sama, an auna kaurin fenti, an duba shasi da birki, an sa mata kwamfuta. Idan binciken ya nuna shasin ya taɓu ko jakar iska babu, kada a ɗauki fasinja da ita, kuma duk wanda zai saya a gaya masa kafin ya miƙa kuɗi.