Cizon Gizo-gizo Ko Fitsarin Tautau? Ga Yadda Za Ku Bambance

A ɗakin kwanan ɗalibai, musamman da damina, da wuya a yi mako ba a samu wanda ya tashi da safe da wani jan tabo a wuya ko a hannu ba, yana zafi kamar ƙunar wuta. Kafin ya gama nunawa an yanke hukunci: tautau ne ya yi masa fitsari, ko kuma gizo-gizo ne ya cije shi cikin dare. Nan take wani zai kawo man goge baki, wani ya ce a shafa toka. Mu ma da wannan zance muka tashi. Amma in aka tambayi wa ya ga gizon da idonsa, sai a yi tsit.

Masana sun ƙidaya nau'in gizo-gizo sama da 50,000 a duniya, kuma kusan dukkansu suna da dafi, domin da shi suke kashe ƙuda da sauro da sauran ƙwarin da suke ci. Sai dai dafin an yi shi ne daidai ƙwaro. Wasunsu fiƙarsu ba ta ma iya huda fatar mutum, waɗanda suke iyawa kuma ba su cika barin abin da ya wuce ɗan kumburi da ƙaiƙayi na kwana ɗaya ko biyu ba. Ga misali mai ban mamaki: a shekarar 2001, a wani gida da ke jihar Kansas ta Amurka, an tattara gizo-gizo 2,055 cikin wata shida, dukkansu daga wani nau'i mai mugun dafi. Mutum huɗu ne ke zaune a gidan shekara da shekaru, kuma ba a samu ko ɗaya da alamar cizo ba. Gizo matsoraci ne, ba ya cizo sai an matse shi, kamar in ya ɓuya cikin takalmi ko riga aka saka.

To, wa ke ƙona mana wuya? Sau da yawa wani ɗan siririn ƙwaro ne mai launin baƙi da ja, tsawonsa bai cika wuce santimita ɗaya ba, wanda masana ke kira Paederus. Hasken fitila ke jawo shi da dare. Ba ya cizo, ba ya harbi. Gubarsa tana cikin ruwan jikinsa, don haka sai mutum ya murtsuke shi a kan fata cikin barci sannan ta fito. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai wurin ya yi ja a tsaye kamar an ja layi, ya yi ƙananan bororo, daga baya ya bar baƙin tabo na makonni. In kun gan shi a jikinku, ku hure shi ko ku ture shi da takarda, ku wanke wurin da sabulu, kada kuma hannun ya kai ido. Wani lokacin kuma abin da ake kira cizon gizo maruru ne kawai da ƙwayoyin cuta suka haddasa. In ciwo yana tara mugunya, ko ya fito wuri biyu uku, ko ya kama 'yan ɗaki da yawa a tare, ku cire gizo daga lissafi.

Duk da haka akwai dangi biyu da likitoci ba sa wasa da su. Na farko shi ne Latrodectus. Macen tana da ciki zagayayye kamar dutsen ado, a ƙasansa kuma akwai alama ja ko ruwan lemo mai siffar kalangu, wato tsakiyarta a tsuke. Baƙar ita ce ta yi suna a Amurka, amma akwai 'yar'uwarta mai ruwan ƙasa da ta bazu a ƙasashe masu zafi, har da nahiyarmu ta Afirka. Ita wannan ana gane ta da jakar ƙwanta mai tsinke-tsinke kamar ƙarangiya, kuma tana son ƙarƙashin kujera da benci, da leɓen bokiti, da tsofaffin tayoyi. Cizonta bai kai na baƙar tsanani ba. Dafin wannan dangi jijiyoyi yake taɓawa. A wurin cizon ba a ganin abin kirki, sai ɗan ja, amma cikin kamar awa ɗaya sai ciwo ya fara hawa zuwa baya da ƙirji da ciki, naman jiki ya ɗaure, gumi ya yi ta zuba, wani har da amai. Cikin kan yi tauri har a zaci afendis ne.

Dangi na biyu shi ne Loxosceles, irin wanda aka samu a gidan nan na Kansas, kuma ya fi addabar mutane a Burazil da Cile. Yana da ido shida maimakon takwas, da wata alama a bayansa mai kama da goge. Nasa dafin nama yake ci, kuma yaudararsa ita ce lokacin cizon kusan ba a jin komai. Sai bayan wasu awanni zafi ya fara, tsakiyar wurin ya yi fari ko shuɗi, a cikin kwanaki kuma ya yi baƙi, fatar ta mutu ta bar gyambo. Ba kowane cizo ne ke kai wa nan ba, yawanci suna warkewa da kansu.

Abin yi a farko ɗaya ne, ko wane gizo ne. A wanke wurin da ruwa da sabulu. A naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a tsumma a ɗora na minti goma, a ɗauke, a sake. In hannu ne ko ƙafa, a ɗaga shi sama. Ana iya shan farasitamol don zafi. Sannan a gaya wa malamin da ke kula da ɗaki ko a je ɗakin shan magani na makaranta, kada a ɓoye don tsoron dariyar abokai. Akwai wata dabara mai sauƙi: a zagaye iyakar jan da biro, a rubuta lokacin, ta yadda gobe za a ga ko yana faɗaɗa. In an kashe gizon, a sa shi a kwalba a tafi da shi, domin ya fi kowane bayani amfani ga likita.

Abubuwan da aka saba yi kuwa, su ne suka fi ɓata lamari. Tsaga da reza ba ta fitar da dafi, sai dai ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Tsotsa da baki ma haka. Ɗaure hannu tamau da igiya ko roba yana hana jini gudu, ya ƙara kashe naman da ake son ceta. Haka nan kananzir da toka da fasa kafso a barbaɗa a ciwo. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya karya dafi, likita ne zai duba ya ga ko ana bukatarsa, shi ne kuma zai tambayi yaushe aka yi allurar tetanus ta ƙarshe.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu: numfashi da ƙyar, kumburin leɓe ko fuska, ciwon ciki ko ƙirji mai tsanani, gumi da amai, zazzaɓi, fitsari ya koma ja ko baƙi, ko wurin ya fara baƙi. In ƙaramin yaro ne ko tsoho, a kai shi asibiti tun kafin a ga waɗannan.

A asibiti, mai cizon Latrodectus ana ba shi maganin zafi mai ƙarfi da na sassauta naman jiki, kuma yakan samu sauƙi cikin kwana ɗaya zuwa uku, ko da yake kasala na iya bin sa na ɗan lokaci. Gyambon Loxosceles shi ke cin lokaci, makonni ko watanni ana wanki ana rufewa, wani lokacin har a ɗauko fata daga wani wuri a dasa. Allurar karya dafi tana nan a ƙasashen da matsalar ta yi yawa. A Ostireliya, wani gizo na yankin birnin Sidni ya kashe mutum 13 kafin ƙungiyar Dokta Struan Sutherland ta samar da allurarsa a 1981, kuma tun daga lokacin ba a sake rubuta mutuwa daga cizonsa ba. Nau'in nan ne ake naɗe wa gaɓa da bandeji mai matsi, kuma babu shi a ƙasarmu, don haka kada ku gani a intanet ku kwaikwaya.

A hostel kuwa, ku kakkaɓe takalmi da yunifom kafin ku saka, ku ja gado daga jikin bango, ku cusa gidan sauro ƙarƙashin katifa. Ranar aikin tsafta, kafin ku zura hannu ƙarƙashin benci ko cikin tarin itace, ku fara leƙawa ko ku sa sanda.