Kunkunniyar da Ke Taruwa a Ƙirji

Duk wanda ya taɓa leƙa madafa da damina, sa'ad da itace ya jiƙe ya ƙi kamawa, ya ga uwargida ta durƙusa gaban murhu da goyo a bayanta, tana hura wuta da baki har idanunta su kaɗa su yi ja, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi kunkunniyar da ta lulluɓe azara, to, haƙiƙa ya ga mafarin wata cuta wadda ta daɗe tana cin mutanenmu alhali ba su san sunanta ba. Hayaƙin da ya baƙanta azarar nan shi ne baiwar Allah take shaƙa safe da yamma, shekara talatin ko arba'in.

Likitoci suna kiran ta COPD, ma'ana daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin iska na huhu. Bayaninta kuwa shi ne, idan hayaƙi da ƙura suka dawwama suna shiga ƙirji, sai hanyoyin iskar su kumbura su ƙuntata, majina ta yawaita, 'yan jakunkunan da ke cikin huhu su saki su lalace, har fitar da numfashi ya zama aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 ta yi ajalin mutum miliyan 3.23, ta zama ta uku cikin sabubban mutuwa a duniya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta ɗauke kafin su cika shekara 70 mutanen ƙasashe ne marasa wadata irin namu.

A ƙasashen da suka wadata, taba sigari ce babban sababinta, kuma matasanmu da suka rungumi shisha ba su tsira ba. Amma a nan sau da yawa ana samun ta ga tsohuwar da ba ta taɓa kai taba bakinta ba, ga mai ƙosai da mai tuwo-tuwo, ga mai fasa dutse, ga kuma wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muke yi wa alamominta fassara. Tsohuwar da a da take daka dawa ita kaɗai ta koma tana haki tsakanin ɗakinta da rijiya, tari ya ƙi barin ta da asuba, tsayuwar salla ta yi mata nauyi har ta koma yi a zaune, sai 'ya'ya su ce, “Ai Inna tsufa ne,” a sayo mata maganin tari a kemis, a jiƙa mata tazargade. Haƙuri da ƙaddara wajibi ne, babu shakka, sai dai malamai ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba.

Sababin kuwa yana nan. A manyan asibitoci akwai na'urar auna numfashi, wadda majiyyaci zai cika ƙirjinsa da iska ya busa cikin bututunta iyakar ƙarfinsa, daga nan likita ya gane ko hanyoyin sun toshe. Abin da ya lalace na huhu ba ya komawa, amma barin taba, da maganin shaƙa, da rigakafin mura da na ciwon haƙarƙari, da tafiyar ƙafa kullum, suna rage wa cutar gudu ƙwarai. A gida kuma a fasa taga a madafa, a busar da itace, a yi girki a fili in hali ya yi, a sauke goyo kafin a zauna gaban murhu.

Tun 2002 ake keɓe rana guda cikin Nuwamba domin faɗakarwa a kan wannan cuta, a yanzu Laraba ta uku ga watan, wato daidai lokacin da hazon hunturu yake fara sauka, tarin iyayenmu yana tsananta. Wanda ke da ɗan shekara arba'in ko fiye a gidansa mai tari da haki wata da watanni, ya kai shi a auna numfashinsa kafin sanyi ya kankama.