Kafireta ko Injekta: Gardamar Masu Motocin Hot Rod

Yau shirin namu zai leƙa garejojin Amurka, inda gardamar kafireta da injekta ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

A shekarun 1930, samarin kudancin Kalifoniya kan sayi tsohuwar Ford da araha, su kwance duk abin da ke ƙara mata nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, sannan su nufi busassun tafkunan Muroc da El Mirage a gwada gudu. Irin wannan mota ake kira hot rod. Abin alfaharinsu shi ne injin V8 da Ford ya fitar a 1932, an jera masa kafireta Stromberg 97 guda biyu ko uku a kai.

Duk mai janareta ko babur ya san kafireta. Iska ce ke bi ta wani matsattsen maƙogwaro ta zuƙo fetur, ba waya, ba kwamfuta. Da sukudireba da kunne mai kyau, bakanike ya gama saiti.

Sai dai kafireta ba ta san inda take ba. Injin fetur yana ƙone mai tsaf idan kilo ɗaya na mai ya haɗu da kusan kilo 14.7 na iska. To a saita mota a gaɓar teku a Los Angeles, a hau da ita Denver, mai tsayin mita 1,600, inda iska ba ta da kauri: mai zai rinjayi iska, fulogi ya yi baƙi, mota ta yi sanyin jiki. Ga jan cok da sanyin safiya. Ga kuma fetur ɗin Amurka da galibi ake gauraya shi da kashi goma na etanol, wanda idan ya daɗe kwance cikin kafireta yakan toshe ta.

Masu raina injekta, kishiyar kafireta mai fesa fetur da matsin famfo, kan ce kayan yaran zamani ce, amma sun manta da Stuart Hilborn. A 1948 motarsa ta yi gudun mil 150 a awa a El Mirage da injektar da ya ƙera da kansa. Tasa ba ta da lantarki, feshi kawai take yi. A filin tsere ba a cewa komai, a cikin gari kuwa sai wahala. Ita ma kafiretar ba ta sallama da wuri ba, don sai a 2012 babbar gasar tseren motocin NASCAR ta rabu da ita.

Injektar yau tana da na'ura a jikin salansa mai auna iskar da ta rage a hayaƙi, kwamfuta na gyara awon mai nan take. Ga mai hawa motarsa kullum, gaskiya ita ce zaɓi. Amma tana da tsada, tana son famfo mai matsin kusan psi 58 inda kafireta ke wadatuwa da 6, kuma ranar da ta tsaya a hanya, sukudireba ba za ta yi ceto ba.

Mai Ford 'yar 1932 kuwa, da yake so a buɗe bonet a ga zamanin kakanni, da wuya ya yarda. Kamfanin Holley ya gane haka, sai ya fito da Sniper: injekta ce mai kwamfuta, an ƙera ta da siffar kafireta. Ana ɗaure ta a mazaunin tsohuwar, a kifa mata murfin matatar iska, sai wanda ya sunkuya ya ga wayoyi ne zai gane.