Me Ɗan Arewa Mazaunin Kudu Yake Saya da Kuɗin Motar Sallah?

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, tashoshin mota na Agege da Mile 12 a Legas, da na Sabo a Ibadan da Shagamu, sai su cika su batse. 'Yan kamasho suna ta kiran Kano, Sakkwato, Katsina, Gusau. Ana ta ɗaure buhunan bakko a bayan mota, wannan da atamfa da takalman yara, wancan da jarkar manja da garin kwaki da kwakwa, ga burodin Agege an rataye shi a leda don kada kaya su danne shi. Kuɗin mota ya riga ya tashi tun kafin a ga wata. Wanda aljihunsa bai kai ba sai ya nemi tirelar da ta sauke shanu ko albasa za ta koma, ya ba yaron mota ɗan abin da ya samu, ya hau baya, ya sha rana da ƙura da sanyin dare a tafiyar da ta kai kilomita 1,000. Mai kallo daga nesa yakan ce wannan wahala ce ta son rai, ko kuwa al'ada ce da mutane suka kasa rabuwa da ita. Ni kuwa ina ganin lissafi ne, kuma lissafi mai kyau. Mutumin nan ba kewar gida kaɗai yake biya wa kuɗi ba. Yana sabunta matsayinsa ne a wuri guda tak da doka da jama'a suka yarda cewa shi ɗan gida ne.

Zama tsakanin ƙasa biyu ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja, su sauka a Salaga su sayo goro, su yi watanni kafin su sake ganin ganuwar Kano. Alhassan Ɗantata kansa ya yi zaman fatauci a ƙasar da yanzu ake kira Gana kafin ya dawo ya kafu a Kano. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, unguwannin Hausawa suka yi ta bunƙasa a gefen hanya. A 1916 aka kafa Sabo ta Ibadan. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya nuna cewa cinikin shanu da goro gaba ɗaya a kan amana yake tafiya: falke ya kawo garke daga Arewa, ya sauka gidan maigida, a sayar wa mahauta bashi, shi kuma maigidan ya tsaya masa. Babu banki a tsakani, babu takarda. Abin da ke riƙe da cinikin shi ne an san ka, an san wanda ya san ka, an kuma san inda za a same ka. Har gobe haka yake ga mai kai tumatir Mile 12 ko mai kai raguna Legas daga Maigatari da Illela ana gab da Babbar Sallah. Wanda ya yanke ƙafa da gida, jarinsa ya taɓa, ko da bai sani ba.

Amma babbar hujjar tana cikin aljihun tebur a sakatariyar ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama inda ya ga dama a sashe na 41, ya kuma hana nuna masa bambanci saboda asalinsa a sashe na 42. Sai dai tsarin mulkin nan shi ne ya shimfiɗa ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi, har ya ce a naɗa minista daga cikin 'yan asalin kowace jiha. Daga nan takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin kusan komai: shiga soja ko ɗan sanda, aikin gwamnatin tarayya, tallafin karatu, har da rangwamen kuɗin makaranta a jami'o'in jihohi da yawa. Mutum ya yi shekara arba'in a Agege, ya biya haraji, ya gina gida, ya binne iyayensa a can, amma ranar da ɗansa zai cike takardar neman aiki sai a tambaye shi garin kakansa. To yaron nan ya doshi ƙauyen da bai taɓa kwana ba, mai unguwa ya dube shi ya ce, "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?" Idan uban yana zuwa Sallah, yana tsayawa ƙofar fadar dagaci ya kwashi gaisuwa, magana ta ƙare a zama ɗaya. Idan kuwa ya shekara ashirin ba a ga ƙeyarsa ba, sai an yi ta neman tsohon da zai tuna da shi.

Sai kuma abin da ba a son faɗa amma kowa ya san shi. An yi rikicin Shagamu a 1999, wanda ramuwar gayyarsa ta faɗa kan 'yan Kudu a Kano. An yi na Idi Araba a 2002, na Mile 12 a 2016, na kasuwar Sasa ta Ibadan a 2021. Ba ma sai an zub da jini ba: lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, samari da dama na Arewa sun wayi gari babu sana'a. Tun a 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙi daga ƙasar, mutanen da aka haifa a zango suka tsinci kansu a bakin iyaka da ƙunshin kaya. Duk ranar da irin wannan ta faru, tambaya ɗaya ce: ina za a nufa, wa zai buɗe ƙofa? Wanda ya riƙe zumunci ɗakinsa na nan, gonarsa na nan. Wanda ya yi watsi da shi zai dawo a matsayin nauyi. Ba Bahaushe kaɗai ya iya wannan karatu ba. A duba Sabon Garin Kano a watan Disamba, yadda manyan motoci ke kwasar 'yan ƙabilar Ibo zuwa Onica da Aba da Inugu, da irin gidajen da suke ginawa a ƙauyukansu waɗanda ba a kwana cikinsu sai 'yan makonni a shekara. Su ma rikicin da ya rutsa da su a Arewa a 1966 bai fita daga ransu ba. Ƙasa ɗaya ce ta koya wa kowa darasi ɗaya.

Za a ce to duk wannan an ji, amma ai kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Me zai sa mai gadi ko mai wankin takalmi ya zuba ribar watanni a tankin mota, alhali zai iya zuwa wurin mai POS ya tura wa mahaifiyarsa kuɗin, ya kira ta a bidiyo ranar Idi? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma da yawa sun bi ta: wanda a da yake zuwa Sallah biyu ya koma ɗaya, mai zuwa da iyali ya koma zuwa shi kaɗai. Sai dai masu wannan ƙorafi sun ɗauka shagali kawai ake zuwa yi. Kwanakin Sallah su ne lokacin da dangi suke cika, saboda haka a cikinsu ake tura ayyukan shekara. A nan ake sa ranar aure ko a ɗaura shi, a raba gādon da aka daɗe ana jira, a fanshi gonar da aka jinginar, a sasanta wa da ƙanin da suka daina gaisawa, a bi gidajen da aka yi rashi a yi ta'aziyyar da aka yi ta waya amma ba ta gamsar ba. Ga matar da aka bari da yara wata goma, wadda haƙƙinta ba ya biyuwa ta asusun banki. Da Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, ba su san da wayar salula ba, amma wayar ba ta ƙaryata su ba tukuna: ba a raba iyakar gona a WhatsApp.

Inda na yarda da masu suka ɗari bisa ɗari shi ne batun fariya. Gida ma yana da nasa zalunci. An ɗauka duk wanda ya fito daga Kurmi kuɗi yake haƙa, sai kowa ya miƙo hannu, har wanda bai taɓa tambayar yadda yake kwana a can ba, ko a shago ne ko a ƙarƙashin gada. Saurayi ya ci bashi ya ɗinka shadda, ya raba goron Sallah kamar ɗan siyasa, ya koma Legas ba jari. Wani kuma kunyar zuwa hannu rabbana ce ke hana shi zuwa sam, shekara ta bi shekara har ya ɓace. Wannan kam laifin na masu tarba ne.

Haɗarin hanya ya fi wuyar amsawa. Hanyar Birnin Gwari ta shafe shekaru a matsayin abin tsoro, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka ɗauka mafita ne aka kai masa hari a watan Maris na 2022. A watan Maris na 2025 kuma, mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin ƙaramar Sallah aka tare su a Uromi ta jihar Edo, aka zarge su da satar mutane, aka kashe su. Babu wata takardar ƙaramar hukuma da ta kai ran mutum, kuma wanda ya duba hanya ya ce bana ba zai je ba, bai yi laifi ba. Abin lura dai shi ne, irin wannan labari ba ya rage wa mutane son komawa. Ƙara musu yake yi, domin yana tuna musu cewa a can ɗin baƙi ne.

Saura suka ta ƙarshe, wadda ta fi kowace zurfi: cewa wannan kai-da-kawo shi ke hana mutum kafuwa inda yake, ya sa bai damu da makarantar unguwarsa ko zaɓen kansilansa ba, tunda zuciyarsa na wani wuri. Akwai gaskiya a ciki, amma an juya sanadi da sakamako. Mutum bai ƙi kafuwa don yana zuwa Sallah ba. Yana zuwa Sallah ne don an hana shi kafuwa. Shaida ita ce jikokin Sabo da Agege, waɗanda suke jin Yarabanci kamar Hausa, waɗanda idan sun zo Arewa ake yi wa harshensu dariya, ana ce musu 'yan Kurmi, a can kuma ana ce musu 'yan Arewa. Da yawansu ba su da ƙauyen da za su je. Sallarsu a nan take, filin Idinsu da maƙabartarsu a nan suke. Sun kafu iya kafuwa, amma takarda ba ta san da su ba. An sha kai ƙudiri majalisar tarayya don gyara wannan. Na 2025, wanda mataimakin kakakin majalisar wakilai Benjamin Kalu ya gabatar, ya nemi a ba wanda ya shekara goma a jiha matsayin ɗan asali, amma suka ta yi yawa har ya janye shi. Duk ɗan Arewan da ya ji haushin janyewar saboda 'yan'uwansa na Agege, ya sani cewa dokar da za ta ba su takarda a Legas ita ce za ta ba jikan ɗan Ibo na Sabon Gari takardar ƙaramar hukumar Fagge, da damar neman gurbin Kano a aikin soja.