Shiri Na Musamman: Duban Soyayya, Daga Faifan Ƙasa Zuwa Kartar Cikin Waya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Daga nan Bauchin Yakubu muke muku sallama cikin shirinmu na musamman. Yau za mu taɓo wata tambaya da ke hana samari da 'yan mata barci, har ma da zawarawa da matan aure. Shin yana sona kuwa? Da gaske take yi, ko abin hannuna take so? Zai turo magabatansa, ko lokacina yake ɓatawa?

Ana yin wannan tambaya a ɗakunan kwanan ɗalibai na Yelwa da Gwallameji, ana yin ta a soraye da tsakar gidajen Jahun da Nasarawa da Fadaman Mada. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, da wuya a kai ta gaban mutumin da ake tambaya a kansa. Wurin wani daban ake kai ta. A da can wurin mai duba ne a bayan gari, ko wata tsohuwa mai watsa wuri. Yanzu kuma an samu ƙari, mai duban ya shigo cikin wayar hannu.

Duk mai leƙa TikTok ko YouTube zai iya cin karo da su. Hannuwa ne kawai ake nunawa a kan tebur, ga kyandir a gefe, ana ta shafa wata karta mai zane-zane. Sai a raba ta kashi uku, a ce ki rufe ido ki tuna wanda ke ranki, ki zaɓi kashi ɗaya. Daga nan a fara buɗewa ana bayani: yana tunaninki, girman kai ne ya hana shi kira, akwai wata a tsakaninku amma ba za ta daɗe ba. Wannan ita ce kartar duba ta Turawa, wadda suke kira tarot. Ba sai an neme ta a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ba, mai data kawai ta kai shi. Wasu na kallo don nishaɗi. Wasu kuwa sun kai matsayin da ba su amsa saƙon saurayi sai sun ji abin da karta ta ce.

To, daga ina ta fito? Masu sana'ar suna son a ɗauka wani tsohon sirri ne na Misirar Fir'auna. Tarihi bai goyi bayansu ba. Kartar wasa ta shiga Turai ne wajajen 1370, daga Masar ta zamanin Mamluk, kuma har yau akwai samfurinta a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul. Wajajen 1440 masu sarauta a biranen Milan da Ferrara na Italiya suka ƙara mata wasu ganyaye masu hotuna domin wani sabon wasa. Haka ta zama ganye 78, manya 22 da ƙanana 56. Fiye da shekara ɗari uku wasa kawai ake yi da ita, kamar yadda matasa ke buga karta a majalisa. Sai a 1781 wani marubuci a Faransa mai suna Court de Gébelin ya rubuta cewa hotunan nan ilimin bokayen Masar ne aka ɓoye a ciki. Lokacin da ya faɗi haka babu mai iya karanta rubutun tsohuwar Masar a duniya, don sai a 1822 aka warware shi. Duk da haka maganar ta karɓu, masu duba suka rungume ta. Wadda aka fi gani a bidiyo yau an buga ta ne a Landan a 1909, wata mai zane da ake kira Pamela Colman Smith ce ta zana hotunanta.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, kada mu ɗora wa Turawa laifin duka, domin mu ma muna da namu, kuma namu ya fi shiga gidaje nesa ba kusa ba. Babu wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai ji labarin bugun ƙasa ba. Mai duba zai baza rairayi a faifai ko a buzu, ya sa mai tambaya ta dafa, ko ta raɗa buƙatarta. Sai ya yi ta ɗiga yatsa a jere ba tare da ƙirgawa ba, layi bayan layi. In ya gama sai ya riƙa share ɗigon bibbiyu, a ƙarshen kowane layi ko dai ɗaya ya rage ko biyu. Layi huɗu ke ba da siffa guda, shi ya sa siffofin gaba ɗaya 16 ne, ba su wuce haka. A nan yankinmu an laƙaba musu sunayen annabawa da manyan bayin Allah, irin su Yusufu da Adamu da Idrisa da Ayuba da Sulaimanu, abin da ke sa mai tambaya ta ji kamar a cikin addini take. Ana jera siffofin a gidaje, gida na bakwai shi ne na aure da abokin zama. Abin da ya faɗa wannan gida, shi za a fassara mata a matsayin zuciyar saurayinta. Wannan fanni daga Larabawa da mutanen Magrib ya zo mana, littafin da aka fi jingina shi gare shi kuwa na wani ne da ake kira Zanati.

Sai kuma hisabi, wanda iyaye mata suka fi kai wa idan manema sun yi wa 'yarsu yawa. A nan suna ake karɓa, da sunan mahaifiya. Kowane harafin Larabci yana da adadinsa, alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa ƙarshe. A tara, a raba, abin da ya saura shi zai nuna burujin mutum da ɗabi'arsa, ko wuta ko ƙasa ko iska ko ruwa. In aka ce ita ruwa ce shi wuta, shi ke nan, tauraronsu bai haɗu ba. Littafin da ake jingina wa Abu Ma'ashar, masanin taurari na Bagadaza da ya rasu a 886, shi ne madogarar masu wannan lissafi da yawa. Ku tsaya ku yi tunani a nan. A'isha nawa ce a cikin garin Bauchi wadda sunan mahaifiyarta Fatima? Muhammadu nawa ne ɗan Hauwa? Duk lissafinsu ɗaya zai fito. A cikinsu akwai mai tsoron Allah, akwai mashayi, akwai mai haƙuri, akwai mai dukan mata, amma alƙalamin mai hisabi amsa guda zai ba su. Da irin wannan lissafi an sha raba masoyan da suka dace, an kuma sha ɗaura auren da bai kai shekara ba.

Malamanmu na farko ba su yi shiru a kan wannan ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya ambaci masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari da aljanu, ya kuma yi tir da aikinsu ƙwarai. Malam Yakubu, wanda ya kafa wannan birni a 1809, almajirin Shehu ne, daga hannunsa ya karɓi tuta. Ashe ke nan garin da muke zaune an gina shi ne a kan koyarwar da ta yaƙi wannan al'ada. Alƙur'ani a Suratun Namli ya keɓe sanin gaibu ga Allah Shi kaɗai, a Suratul Ma'ida kuma ya haramta neman sanin rabo da kibau, irin yadda Larabawan Jahiliyya ke yi kafin aure ko tafiya. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da irin wannan hani a littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 18.

Na san wata na sauraronmu yanzu tana cewa a ranta, ai ni an taɓa duba mini kuma abin ya fito daidai. Ba na ƙaryata ki, 'yar'uwa. Amma bari mu ga yadda ake yi ya fito daidai ɗin. A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 wani gwaji, ya ce zai ba kowa bayanin halinsa na kansa. Da ya raba takardun ya ce kowa ya auna yadda bayanin ya dace da shi, daga sifili zuwa 5. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Sai daga baya ya sanar da su cewa takarda iri ɗaya ya ba kowa, kuma daga wani littafin duban taurari na kan titi ya tsinto yawancin jimlolin. Magana in an yi ta da faɗi, kowa zai ga kansa a ciki.

Haka mai duba yake aiki. Yarinya ta shigo ido ya kumbura, tana juya waya a hannu, ba sai an buga ƙasa ba kafin a san abin da ya kawo ta. Zai ce akwai wata mace da ta shiga tsakaninku, ba fara ba ce can, ba kuma baƙa ba. Ita da kanta za ta ce, wallahi na sani, wance ce. Ta ba shi suna, ta ba shi labari, ta fita tana mamakin yadda ya gano. Abin da ya faɗa bai faru ba ta manta da shi, wanda ya yi kama da gaskiya ta riƙe, ta kai wa ƙawaye. Na cikin waya ma ya fi sauƙi. Bidiyon da aka ce saƙonki ne ke kaɗai, dubban mutane ne ke kallonsa a ƙasashe daban-daban. Manhajar kuma tana lura da abin da kika tsaya kallo, ta ƙaro miki irinsa. Ke kina ganin ishara ce ta biyo ki, alhali kallon jiya ne ya jawo na yau.

Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce asarar kuɗin data ce. Ba a nan yake tsayawa ba. Duba shi ne ƙofa, a bayansa aiki yake. In an ce an shiga tsakaninku, sai a ce a kawo kuɗin turare, a kawo baƙin zakara, a yi farin jini, a yi mallaka. Kuɗin makaranta ya tafi, ɗan kunnen gwal ya tafi, jarin sana'a ya tafi. Mafi muni shi ne sunan da aka kama. Wannan macen da aka ce ta shiga tsakani, a ƙarshe kishiya ce, ko uwar miji, ko aminiyar ƙuruciya, ko 'yar'uwa ciki ɗaya. An ƙulla gabar da za ta kai har jikoki a kan ɗigon rairayi. Akwai kuma masu fakewa da malanta a WhatsApp da Facebook, su ce a turo hoto domin a yi aiki a kansa, daga baya hoton ya zama abin barazana. Wadda abin ya faɗa wa ba ta iya faɗa a gida, domin tambayar farko da za a yi mata ita ce me ya kai ta.

Me ya kai ta ɗin? A nan nake son mu yi wa 'ya'yanmu adalci. Yarinyar da saurayi ya shekara uku yana zuwa zance bai taɓa cewa ga ranar da iyayena za su zo ba, tana cikin duhu na gaske. Kunya ta hana ta tambayarsa, don kada a ce ta matsu. Ba ta iya zama da mahaifinta a kan zancen. In ta gaya wa uwa, wataƙila uwar ce ma za ta ce tashi mu je a duba mana. Mai duba shi kaɗai ne ya zauna ya saurare ta ba tare da tsawa ba, shi ya sa take komawa. Bahaushe ya ce son maso wani ƙoshin wahala, to zaman rashin sanin matsayi ma wahala ce mai cin rai. Ni a ganina rabin cinikin masu duba samarin da ba su faɗin gaskiya ne suka kai musu shi, da iyayen da ba su tambayar 'ya'yansu halin da suke ciki. Maza ma kada su ɗauka da mata kawai muke. Akwai mai shiga da babbar riga bayan isha'i yana tambaya ko amaryar da zai ƙara tana da ƙashin arziki.

Wani zai ce ai mu istihara muke kai wa malam, ba duba ba. Istiharar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, raka'a biyu ce ta nafila da addu'a, mai buƙatar ne ke yi da kansa, yana roƙon Allah Ya zaɓa masa alheri Ya kawar masa da sharri. Babu sunan uwa a ciki, babu kuɗin aiki, babu sharaɗin sai an yi mafarki. Ba ta kuma gaya maka abin da ke zuciyar wani. Bincike ne ke nuna wannan. Lokacin da Mugira ɗan Shu'uba ya nemi aure, umartarsa aka yi ya je ya ga matar da idonsa. Iyayenmu ma haka suke yi, a tura kawu ko baffa unguwar su yaro, a tambayi liman da maƙwabta da abokan sana'arsa, a ji yadda yake da mahaifiyarsa, a ji ko yana riƙe amana da bashi.

(Kiɗa a hankali, sannan a ɗauke)

Saboda haka ga roƙonmu. Ɗan'uwa saurayi, in aure ya kai ka gidan mutane, turo magabatanka, ko ka faɗi lokacin da za ka iya. In ba ka shirya ba, gaya mata, ka ba wani wuri. 'Yar'uwa, kina da haƙƙin ki tambaye shi ina aka dosa, in nauyi ya hana ki, sa yayanki ko gwaggonki su tambaya. Iyaye, ku kira 'ya'yanku ku ji ta bakinsu kafin wani baƙo ya riga ku. Wadda kuma wani ke yi wa barazana da hotonta ko sirrinta, kada ta sake tura masa ko kwabo, ta samu babban da ta amince da shi su kai ƙara wurin 'yan sanda ko Hisba.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. A madadin duk waɗanda suka taimaka aka haɗa shi, nake cewa Allah Ya haɗa kowa da abokin zama na gari.